Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Islamiyya, Limamai Da Masu Unguwannin Birnin Kano: Kada Ku Ce Sai Yaro Ya Iya Magana Zai Shigo Cikin Mutane

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu masu unguwanni, Allah ya taimake ku, ya ƙara muku lafiya. Limamanmu da malamanmu na Islamiyya, maza da mata, Allah ya gafarta muku, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yanmu, wadda mun san ɗan kuɗin watan da muke bayarwa bai kai ko kusa da wahalarta ba. Ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta, kuma ina neman afuwa tun kafin in fara, idan wata kalma ta yi nauyi cikin abin da zan faɗa.

Ni matar aure ce a cikin ganuwa, uwar yara 5. Autana yana da shekara 6. An haife shi da lalurar da likitoci ke kira da sunan Down, wadda a nan muke jefa ta buhu ɗaya da wasu lalurorin mu ce musu galahanga. A gida Auta muke ce masa, haka zan kira shi a nan. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Mu 14 ne, duk mata, mun san juna a kan bencin jiran likita, daga baya muka buɗe zaure a WhatsApp muna ba juna haƙuri da shawara. A cikinmu akwai wadda sanƙarau ya tafi da jin ɗanta yana shekara 2. Akwai wadda ciwon shawara ya kama jaririyarta tun kafin suna ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, har yau wuyanta bai gama tsayawa ba. Akwai masu yaran da in ka gan su lafiyarsu ƙalau, amma ba sa haɗa ido da mutum, ba sa waiwayowa in an kira su, abin da asibiti ke ce wa otizim. Muna Gwale, muna Dala, muna Fagge, muna Kurna, muna Hotoro. Su suka ce in rubuta, tunda na taɓa riƙe alli kafin in yi aure.

Abin da ya tayar da wasiƙar nan ya faru ne bayan hutun Babbar Sallah. Na kai Auta makarantar Islamiyyar da yayyensa suke, inda shi ma ya yi zango biyu yana zuwa, sai malamin ajinsu ya tare ni a ƙofa. Cikin mutunci ya yi min magana, ba zan yi masa ƙazafi ba. Ya ce, “Hajiya, kwamiti ya zauna. An ce yaran da ba sa magana, ko ba sa iya zama wuri ɗaya, a riƙe su a gida tukuna har su iya. Da ya fara magana ƙofa a buɗe take.” Ba zan faɗi sunan makarantar ba, domin da na ba da labarin a zaurenmu, fiye da rabinmu suka ce su ma abin da aka faɗa musu ke nan a unguwanninsu, wasu ma tun ranar farko. Shi ya sa na ga maganar ta fi ƙarfin makaranta ɗaya, ta kowa ce.

Malamai, Allah ya gafarta muku, a ina zai iya maganar? Magana ba haƙori ba ce da za ta tsiro da kanta in lokacinta ya yi, ko yaro yana ɗaki a kulle. Kowane ɗayanmu a bakin mutane ya tsinci Hausar da yake yi. Yaro yana jin kalma a daidai lokacin da idonsa ke kan abin, ko hannunsa, ko ransa yana sonsa. Ya ji ta yau, ya ji ta gobe, ya ji ta a bakin uwa, ya ji ta a bakin mai shago, rannan sai ya gwada, a amsa masa, ya gane cewa sautin nan yana biyan buƙata. Yaro mai lafiya yana yin wannan ba tare da kowa ya lura ba. Namu suna buƙatar su ji kalmar sau ninkin-ba-ninkin, a kuma jira su fiye da yadda ake jiran sauran. To wanda ya fi kowa buƙatar jin magana, shi aka ce ya koma inda ba a yinta.

Bari in ba ku labarin kalmar Auta ta farko, don ku ga abin da nake nufi da idonku. Yana da shekara 3 da rabi bai taɓa furta komai ba sai ihu da nuni da yatsa. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke duba masu matsalar magana ta ce min, “Ni rabin awa nake ganinsa bayan wata uku. Ke kuwa kina tare da shi daga asuba zuwa dare. Ki daina yi masa komai cikin shiru, kuma ki daina riga shi biyan buƙata.” Sai babansa ya ɗauki abu ɗaya, alwala. Duk sallar da ta same shi a gida, zai tsuguna a bakin rariya da buta, Auta ya tsuguna gefensa. Ya zuba masa a hannu ya ce “ruwa.” Ya sake zubawa ya ce “ruwa.” Sannan ya ɗaga butar ya tsaya, yana kallon fuskar yaron, bai ce komai ba. Auta ya miƙa tafin hannu, ya yi ƙunƙuni, ya ja masa hannun riga, baban ya ce “ruwa?” ya zuba. Haka aka yi ta yi wajen wata biyu. Wata magariba ina tsinkar zogale a ƙofar ɗaki, baban ya ɗaga buta ya tsaya kamar kullum, sai na ji wata 'yar murya ta ce “uwa.” Baban bai gyara masa ba, cewa ya yi “E, ruwa!” ya juye masa rabin butar a hannu. Ni kuwa zogalen sai washegari aka dafa shi.

Daga nan muka gane kan abin. Wanke-wanke ya zama aji: kofi, cokali, zuba, ɗauko. In zan ba shi abin kari ba na miƙa masa kawai, sai in ɗaga biyu in ce “ƙosai ko gurasa?” in jira. In zan aiki yayarsa injin markaɗe tare suke zuwa, shi ke riƙe da kuɗin, shi zai miƙa. Ranar da na je kasuwar Rimi da shi a adaidaita sahu, mun dawo da tumatir da attaruhu da kalma sabuwa, “tsaya,” wadda ya kwaikwaya daga bakina lokacin da nake tsayar da mai ɗan sahu. Ba mu sayi abin wasa ko ɗaya daga waje ba. Ashe ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyayen irin yaran nan, kuma ginshiƙinsa ke nan: a yi amfani da wasa da hidimar gida ta yau da kullum a koya musu sadarwa. Amma gida ɗaya yana da iyaka. Bakinmu mu 7 ne a gidan, kuma duk mun san abin da yake nufi tun kafin ya buɗe baki. Sai ya fita waje, inda ba a san nuninsa ba, dole ke sa shi ƙoƙarin furtawa. Wajen nan kuwa a hannunku yake.

Kukanmu na farko shi ne na Islamiyya, kuma shi ya fi ci mana rai. Ban san wurin da ya fi ajin Islamiyya dacewa da yaro mai koyon magana ba. Malam ya faɗa, yara su amsa da murya ɗaya, a maimaita, a sake maimaitawa, da rauji mai shiga kunne. Ga gaisuwa kullum iri ɗaya, ga kiran suna a ce “na'am,” ga addu'ar tashi. Yara masu lalurar Auta da kallo da kwaikwayo suka fi koyo, kuma abin da suke fahimta ya fi abin da bakinsu ke iya fitarwa yawa nesa ba kusa ba. A zango biyun da ya yi, bai haddace sura ba, gaskiya ne. Amma ya iya “amin.” Ya iya “malam.” In yayarsa tana karanta Fatiha ta tsaya kafin ƙarshen aya, shi ke cika mata sautin ƙarshe. Wannan a wurin malami mai yara 70 ba komai ba ne, a wurinmu kuwa girbin shekara ne.

Yanzu da la'asar ta yi yayyensa suka sa kayan makaranta, sai ya ɗauko jakarsa ya tsaya a zaure. Makon farko kuka yake yi yana dukan ƙofa. Yanzu ya daina kukan, jakar ma ya daina ɗaukowa, kuma na fi wata ban ji ya ce “malam” ba. Kalmar da ba a amfani da ita zubewa take yi. Wata 'yar'uwarmu a Kurna ta ce tun da aka dawo da ɗanta gida ya koma cizon hannunsa, abin da ya bari kusan shekara guda. Ga kuma abin da ba a lissafawa: yayyensu. 'Yata mai shekara 9 ta tambaye ni ko Allah ba ya son karatun Auta ne. Ku ne kuka karantar da ita, ku taya ni ba ta amsa.

Ba na cewa aikinku mai sauƙi ne. Na tsaya gaban aji, na san yadda yaro ɗaya mai tashi yana zagaye yake watsa hankalin sauran. Na san wani zai yi fitsari a zaune, wani zai fice a guje ya nufi titi, wani ya fizge littafin ɗan'uwansa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a ɗora wa malami shi kaɗai ba. Abin da ya ɓata mana rai shi ne kwamiti ya zauna ya yanke hukunci kan 'ya'yanmu ba a kira ko uwa ɗaya an tambaye ta yadda take yi da shi a gida ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, masallaci da ƙofar gida. Mijin ɗaya daga cikinmu ya daina zuwa da ɗansa sallar magariba, saboda yaron yana ɗan gurnani a sahu, wani dattijo ya ce a daina kawo musu mahaukaci ɗakin Allah, kuma ba wanda ya tanka. A ƙofar gida kuwa sunayen da ake kiransu da su kun san su: dolo, gaula, bebe, ɗan ruwa. Manya ke fara faɗa, yara su ɗauka. Auta ba ɗan ruwa ba ne. Ƙwayar halitta ta 21 ce ta zo masa guda uku maimakon biyu, shi ya sa ma aka ware 21 ga Maris ta zama ranar masu lalurar a duniya. Ana haifar irinsa a Makka, ana haifar su a Ingila, ana haifar su a gidan mai kuɗi da gidan talaka, kuma ba laifin uwa ba ne, ba wani rafi ta tsallaka da ciki ba.

Ku malamai kun fi ni sanin dalilin saukar farkon Suratu Abasa, da yadda Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya riƙa barin Madina a hannunsa in zai yi tafiya. Kun san hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim, na matar da ke da wata lalura a hankalinta, ta ce wa Annabi tana da buƙata, ya ce ta zaɓi duk hanyar da take so ya same ta a can, ya tsaya da ita har ta gama maganarta. Abin da ya fi taɓa ni a hadisin nan shi ne tsayawar. Irin tsayawar da baban Auta ya yi da buta ce, ita muke roƙo.

Illar wannan kyarar tana komawa cikin gida. Uwa in ta gaji da kallon da ake bin ɗanta da shi, sai ta ɓoye shi. Za a tafi suna ko biki, a bar shi da 'yar aiki. A yi baƙi, a ce a shigar da shi ɗaki. Yara suna langa da 'yar gala-gala a waje, shi yana leƙe ta taga. Sannan don a samu ya yi shiru, a miƙa masa waya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, akwai lokacin da Auta yake wuni da waya a hannu don in samu in yi girki. Waya tana zuba magana kamar famfo, amma ba ta jiran yaro ya amsa, ba ta kallon abin da yake kallo, ba ta murna in ya ce “uwa.” Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da jariri gaban waya ko talabijin sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Yaranmu da aka kulle suna ninka wannan sau da yawa, saboda an rufe musu duk wata ƙofa sai wannan.

Na uku ya shafi 'yan'uwanmu masu yara kurame, kuma sun ce lallai in faɗe shi da ƙarfi. Ana hana iyaye yi wa yaro magana da hannu, wai zai sangarce ya ƙi buɗe baki. Wannan kuskure ne mai tsada. Alamar hannu ba ta hana magana. Auta da kansa ya yi shekara yana nuna “ci” da “ƙari” da “ya ƙare” da hannu kafin ya furta su, kuma hannun ne ya ja bakin. Shi kuwa yaron da ba ya ji sam, hannu shi ne harshensa. Yawancin kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa koyon alama ko ɗaya ba, sai yaro ya kai shekara 7 ko 8 bai da wani yare ko kaɗan a kansa, ba na baki ba, ba na hannu ba, sannan a ɗauke shi a kai makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a ce malamai su fara daga tushe. Shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi kama yare sun riga sun wuce. Abin takaicin shi ne a Kano muke. Kuramen garin nan suna da yarensu tun kaka da kakanni, maganar hannu, har wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da su ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000. Da wuya ka samu unguwar da ba ta da kurma babba mai sana'arsa, tela ko makaniki ko mai wanki da guga. Malamin yaron yana nan a bayan layi, ba wanda ya haɗa su.

Na huɗu shi ne jinkiri, kuma a nan laifin namu ne gaba ɗaya, har da mu iyaye. Uwa ta ce yaron nan shiru ya yi yawa, a ce mata “nauyin baki ne, babansa ma sai da ya shekara 4.” Ta sake magana, a ce a kai shi wanzami ya duba ƙarƙashin harshe. Ta sake, a ce iska ce. Ni ba na jayayya da addu'a, kullum ina tofa wa Auta, ina kuma karanta masa addu'ar Annabi Musa ta neman a warware ƙullin harshe. Amma addu'a ba ta hana a gwada kunne. Jaririn da ƙarar faɗuwar kwano ba ta razana shi, ɗan wata 9 da ba ya gwaranci, ɗan shekara ɗaya da rabi da bai da kalma ko ɗaya, ɗan shekara 2 da ba ya haɗa kalma biyu, duk waɗannan a kai su a duba, ko da daga baya za a ce ba komai. A ƙasashen da suka tsara abin, ana gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimakonsa kafin wata 6. Mu a nan akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a Asibitin Murtala. Yara masu lalurar Down ma ruwa yakan taru musu a bayan dodon kunne ya rage musu ji, kuma ana maganinsa. Haka jaririn da idonsa ya yi rawaya a kwanakin farko, asibiti za a ruga da shi a sa shi ƙarƙashin fitilar da aka tanada, kada a tsaya jiran suna. 'Yar'uwarmu da na ambata a sama kwana 5 aka yi ana ce mata ta bari a yi taro tukuna.

Na san akwai dokoki. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, kuma ta ba su haƙƙin neman ilimi ba tare da an ware su ba. Jiharmu ta ce ilimin farko kyauta ne kuma dole, a watan Yunin 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Ban kawo waɗannan don barazana ba. Gwamnati ba ta zama a zaurenku, ba ta jan sallar magariba a masallacin layinmu, ba ita ke tsawata wa yaran unguwa ba. Ko an gina makarantu na musamman goma gobe, yaro zai dawo gida da azahar, kuma sauran yininsa a cikinku zai yi shi.

Don haka ga roƙonmu. Kwamitocin Islamiyya, ku janye wannan hukunci, ku kira mu a zauna. Mun yarda uwa ko yaya ko ƙanwar uba ta zauna da yaro a aji, ita za ta fita da shi bayan gida, ita za ta bi shi in ya tashi. Mun yarda a fara da rabin awa a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ku zaunar da shi a gaba inda zai ga bakin malam. Ku ba shi ɗan aiki: ya shimfiɗa tabarma, ya raba alluna, ya ɗauko wa malam buta, a riƙa faɗa masa sunan abin da yake yi. In an tambaye shi, malam ya ƙirga goma a zuciyarsa kafin ya wuce kan wani, ya kuma hana sauran yara amsa masa. In ya ce rabin kalma a karɓa, a maimaita masa ita cikakkiya ba tare da an ce ya yi kuskure ba. Kuma don Allah a ɗauke masa bulala. Yaron da aka daka saboda bai furta ba, abin da ya koya shi ne buɗe baki yana jawo duka. Jami'ar Bayero tana da sashe guda na ilimin masu buƙata ta musamman, in shugabanninku suka rubuta musu neman a zo a yi wa malamai bita ta yini ɗaya, mu iyaye za mu haɗa kuɗin mota da na abinci.

Limamanmu, huɗuba ɗaya muke roƙo. Ranar 3 ga Disamba ce ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, Juma'ar da ta fi kusa da ita ta isa, in kuma kun ga dama ku riga ta. Ku faɗa wa mutane cewa kiran yaro dolo ko ɗan ruwa cin mutunci ne, ɓoye shi a ɗaki cutarwa ce, kai shi asibiti kuma ba rashin tawakkali ba ne. Abin da liman ya faɗa sau ɗaya a kan mumbari ya fi abin da uwa za ta shekara tana faɗa wa surukarta tasiri. In uba ya zo da irin yaron nan masallaci, ku ba su gefen sahu kusa da ƙofa, bayan sallama kuma liman ya miƙa wa yaron hannu a gaban jama'a. Wallahi wannan musabahar kaɗai za ta canza yadda layi guda yake kallonsa.

Iyayenmu masu unguwanni, ku kuka san kowane gida. Kun san gidan da ake da yaron da ba a taɓa ganinsa a waje ba. Ku aika a gaida su, ku ce a fito da shi. Ku haɗa gidan da aka haifi kurma da kurma babba na unguwa, ya riƙa shiga yana koya wa mutan gidan maganar hannu, a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Ku yi wa masu shago da mai shayi da mai ƙosai da mai injin markaɗe magana: in an aiko irin yaran nan, kada su karɓe kuɗin su juya ga yayan da ya rako shi. Su gaishe shi da sunansa, su tambaye shi me yake so, su jira. A layinmu akwai wata baiwar Allah mai awara, duk yamma sai ta sa Auta ya ce “yaji” kafin ta barbaɗa masa, masu saye suna tsaye ta ce su yi haƙuri. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma kalma huɗu a bakin ɗana nata ne.

Da watan azumi ya zo, ku ce wa yaran tashe su tafi da shi ko gwangwani ne ya buga. Da Sallah a ɗora shi a kafaɗa a kai shi kallon hawan Daushe, ya ga doki ya ji an ce doki. In kaka za ta yi tatsuniya da dare a kira shi cikin da'ira, ta ce “ga ta nan, ga ta nanku,” a bar shi ya gwada amsawa tare da sauran.

Ni dai ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, bayan la'asar zan sa wa Auta kayan makarantarsa, in ɗauko tabarmata, mu zo ƙofar makarantar tare da yayyensa. In an ce mu shiga, zan zauna a bayan aji ba zan dami kowa ba. In kwamiti bai riga ya zauna ba, za mu shimfiɗa a gindin taga daga waje, inda karatun yake fitowa, har a tashi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yarku, Maman Auta,
a madadin iyaye mata 14 daga unguwannin birnin Kano.